Lissafin Gida: Ko Sayen Wutar Sola Zai Biya Mu?

A watan jiya mun yi magana a kan ajiyar hatsi, da yadda za a tsare rumbu daga ƙwari. A wannan wata za mu ɗauki wata tambaya wadda ta cika bakin mutane, a ƙofar majami'a bayan sujada, da wurin taron zumuntar mata, har da cikin ɗaki tsakanin miji da mata: ko ya kamata mu sayi wutar sola? Wani yana so ya sayar da sa domin ya saya. Wata tana jiran kwasar adashinta. Wani kuma har ya soma neman rance. Kuɗin ba kaɗan ba ne. A gidaje da yawa ya kai kuɗin makarantar yara na shekara guda, ko ya fi. Saboda haka ya wajaba mu zauna mu yi lissafi tukuna.

Ubangijinmu Yesu ya ba da misali a cikin Luka sura 14 a kan mutumin da ya soma babban gini bai ƙidaya abin da ke hannunsa ba, ya tsaya a tushe, ya zama abin dariya. Maganar bin Almasihu yake yi a wurin, amma ya ɗauko misalin daga abin da kowa ya sani. Mai hankali yakan yi ƙidaya kafin ya sa hannu. Bari mu faɗi amsarmu tun da fari, sa'an nan mu nuna dalili. Ga gidan da ke ƙona fetur a janareta kowane dare, sola za ta biya. Ga gidan da wutar gari ke zuwa masa sosai, ba za ta biya ba. Ga yawancinmu kuwa, ƙaramar sola ta fi babba amfani.

Abin da ya ta da maganar

Tun zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972, muke kukan rashin wuta. An sāke suna, an sayar da sashen rarraba wuta ga kamfanoni a 2013, amma kukan bai ƙare ba. Abin da ya rufa wa mutane asiri shi ne arahar fetur. Ran 29 ga Mayu 2023 aka ba da sanarwar cire tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta hau wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Oktoba 2024 kuwa ta wuce naira 1,000. A watan Afrilu 2024 aka ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin sa'a 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan yunit ɗaya. A Oktoba 2024 kuma jihohin Arewa da yawa suka yi fiye da mako guda cikin duhu, gama an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke tasowa daga Inugu ta Makurdi kuma ya sami matsala.

'Yan'uwanmu na Nijar su ma sun sha tasu. Wajen kashi 70 cikin 100 na wutarsu daga Nijeriya take zuwa a lokacin. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 aka yanke ta a watan Agusta, ba a mayar ba sai Maris 2024.

A ɗaya gefen kuma, farantin sola ya yi araha. An ƙera na fari mai amfani a Amurka a 1954, yana juya kashi 6 kaɗai cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa ya zama lantarki. Na yanzu yana juya fiye da kashi 20. Tsakanin 2010 da 2020 farashinsa a duniya ya sauka da wajen kashi 90 cikin 100, yawancinsa kuwa a ƙasar Sin ake ƙerawa. Sai dai kayan waje ne, da dala ake shigo da shi. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta wuce naira 1,500 a Fabrairu 2024. Abin da arahar duniya ta ba mu, faɗuwar naira ta cinye kaso mai yawa a ciki.

Gona da rumbu

Kafin mu yi ciniki, bari mu san abin da muke saye. Kayan sola na gida kashi huɗu ne. Akwai faranti, wanda ake ɗorawa a kan kwano domin ya sha rana. Akwai batir, inda ake tara wutar. Akwai kwantirola, wadda ke tsakanin faranti da batir tana daidaita caji don kada batir ya lalace. Sai inbata, wadda ke juya wutar batir ta zama irin wadda fanka da talabijin ke sha. A wasu kayan an haɗa kwantirola da inbata cikin akwati ɗaya.

Manomi zai gane abin da sauri. Faranti shi ne gona, batir shi ne rumbu. Da rana ake girbi, da dare ake ci. In gona ta yi ƙanƙanta, rumbu ba zai cika ba. In rumbu ya yi ƙanƙanta, amfanin gona zai zube a banza. Yusufu ya ceci Masar domin ya gina wurin ajiya daidai da yawan hatsi da tsawon yunwa. Haka nan a gidanmu, dole gona da rumbu da bakunan da za su ci su daidaita.

Ga kuma abin da ya fi muhimmanci. Gonar tana daɗewa, rumbun ba ya daɗewa. Faranti mai kyau yakan yi shekara 25 yana aiki, har a lokacin yana ba da wajen kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa na fari. Batir irin na dalma da ruwa kuwa, shekara biyu zuwa huɗu ne ransa, gwargwadon yadda aka riƙe shi. Batirin litiyam ya fi tsada ƙwarai ranar saye, amma mai kyau yakan kai shekara takwas ko goma. Hasken rana kyautar Allah ce, ba mai kawo mana bil a kanta. Batir ne bil ɗin sola, sai dai yakan zo gaba ɗaya bayan 'yan shekaru.

Lissafi na fari: wuta nawa muke sha?

Maigida da uwargida su ɗauki takarda da fensir su zaga gida. Kowane kayan wuta yana da lambar ƙarfinsa a jikinsa, ana kiranta wat. A rubuta wat ɗin, a ninka shi da yawan sa'o'in da ake kunna abin a rana. Ga misalin gida mai matsakaicin hali.

Ƙwan fitila biyar, kowane wat 10, sa'a biyar: 250. Fanka biyu, kowace wat 50, sa'a takwas: 800. Talabijin da akwatin tashoshinsa, wat 60, sa'a huɗu: 240. Cajin waya huɗu, kowace wajen 15: 60. Jimla 1,350. Dubu ɗaya na wannan awo shi ne yunit ɗaya na mita, wato gidan nan yana shan yunit ɗaya da sulusi a rana.

Wuta takan ɓata a hanya, a cikin waya da batir da inbata. Sai mu ƙara rubu'i a kai, ya zama wajen 1,700. A ƙasashenmu, daga Jos zuwa Kano har Maradi da Damagaram, hasken wuni guda yakan yi daidai da sa'a biyar zuwa shida na cikakkiyar rana. Mu ɗauki biyar. In mun raba 1,700 gida biyar za mu sami 340. Amma faranti ba ya ba da dukan abin da aka rubuta a bayansa, sabili da zafi da ƙura. Mu sa rai ga kashi uku cikin huɗu. Ashe gidan nan yana bukatar faranti na wat 450 zuwa 500.

Saura batir. Babban batirin nan da aka saba gani, mai lamba 12 da 200 a jikinsa, yana ɗaukar 2,400 in ya cika. Amma in na dalma ne, rabi kaɗai ya kamata a sha, wato 1,200. Wanda ke tatse shi ƙarƙaf kowane dare zai kashe shi kafin shekara. Tun da yake kusan dukan wutar gidan nan da dare ake shanta, batir ɗaya bai isa ba, sai biyu. In litiyam ne, ana iya shan kashi takwas ko tara cikin goma, don haka ɗaya mai wannan girma ya wadatar.

Yanzu ku dubi abin da zai faru in aka ƙara kaya. Firji na gida yakan sha yunit ɗaya zuwa ɗaya da rabi a rana. Shi kaɗai zai ninka lissafin nan biyu. Dutsen guga na lantarki wat 1,000 ne ko fiye, daidai da ƙwan fitila ɗari a kunne. Hita da murhun lantarki sun fi haka. Duk abin da aikinsa zafafawa ne, maƙiyin batir ne. Gidaje da yawa da ke kukan an cuce su, abin da ya faru shi ne an sayi sola don fitila da fanka, daga baya aka jona mata firiza da dutsen guga. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Lissafi na biyu: yaushe kuɗin zai dawo?

Farashi yana sākewa kowane wata, don haka lambobin da za mu yi aiki da su misali ne kurum. Kowa ya sa farashin kasuwar garinsu. A ce litar fetur naira 1,000 ce. A ce kayan da muka lissafta a sama, har da ladan mai haɗawa, naira 1,200,000 ne, a ciki batura biyu sun ci 500,000. In baturan za su yi shekara uku, wato wata 36, sai a riƙa ware wajen naira 14,000 kowane wata domin sababbi. Bari mu gwada wannan a gida huɗu.

Gida na fari yana da ƙaramin janareta, ana tashinsa sa'a huɗu kowane dare. Irin wannan inji yakan sha wajen rabin lita a sa'a, wato lita biyu a dare, lita 60 a wata, naira 60,000. Ba mu ma sa kuɗin baƙin mai da na makanike ba. In an cire 14,000 na batir, abin da sola ta rage masa 46,000 ne a wata. Cikin wata 26 kuɗinsa ya dawo. A shekara goma janareta zai ci naira 7,200,000 na fetur. Sola kuwa, da kuɗin saye da sauya batura sau uku, 2,700,000 ne, a ƙara kuɗin sabuwar inbata sau ɗaya. Banda wannan, fanka za ta kwana tana juyawa, maimakon a kashe inji da ƙarfe goma yara su kwana cikin zufa. Ga wannan gida, sola ciniki ne mai riba.

Gida na biyu yana unguwar da wutar gari ke zama sosai. Yunit ɗaya da sulusi a rana ya zama wajen yunit 40 a wata. Ko da a farashin rukunin A na Afrilu 2024, naira 9,000 ke nan da 'yan kai. Kuɗin batir kaɗai, 14,000, ya fi bil ɗinsa. Wannan gida ba zai taɓa mai da kuɗinsa ba. Abin da zai saya shi ne kwanciyar rai ranar da aka ɗauke wuta, ya kuwa kamata ya san sunan abin da yake saye. Fitila da fanka masu caji za su yi masa wannan aiki da ɗan kuɗi kaɗan. In wutar tana zuwa sa'a shida ko takwas kowace rana ba fashi, inbata da batir kaɗai sun isa, a caja su da wutar gari, a bar faranti sai gaba.

Gida na uku yana ƙauye, babu turakun wuta, babu janareta. Abin da yake kashewa a wata kan batirin tocila da na rediyo da kai waya caji, a ce naira 5,000 ne. In ya sayi kayan 1,200,000, sai ya yi wata 240, wato shekara 20, kafin kuɗin ya dawo, ba a ma yi maganar batir ba. Wannan ɗaukar Dala ba gammo ne. Amma akwai ƙaramar sola mai ƙwai uku ko huɗu da wurin cajin waya, wata har da rediyo. In farashinta 60,000 ne, cikin wata 12 ta biya kanta. Yara za su yi karatu da dare, a yi addu'ar iyali ana ganin Littafi, uwargida ta ga kunama kafin ta taka. A ganinmu babu kuɗin wuta da ya fi wannan albarka.

Gida na huɗu yana da sana'a. Uwargida tana sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, ko maigida yana aski, ko cajin waya, ko noman rani a fadama. A nan sola jari ce, gama tana rage kashewa tana kuma kawo shiga. Aikin da ake yi da rana ya fi kowane dacewa da ita, domin wuta tana tafiya kai tsaye daga faranti, ba ta bukatar babban batir. Famfon ban ruwa na sola yana iya aiki ba batir sam: rana ta fito ya tashi, rana ta faɗi ya tsaya, tanki ko rami shi ne rumbunsa. Mai sana'a ya lissafta ribar da yake samu a watan da kasuwa ta fi mutuwa, ya gina lissafinsa a kanta.

Ga gajeriyar hanya wadda ba ta tsufa ko farashi ya sāke. A raba kuɗin kayan sola da kuɗin litar fetur, a ga lita nawa ke nan. Sa'an nan a duba lita nawa gidan ke ƙonawa a wata. In kayan za su biya kansu cikin shekara uku, a saya. In sai bayan shekara biyar, a rage girman kayan ko a dakata.

Abin da ba a faɗa a shago

Na ɗaya, zafi. Mutane suna tsammani zafin rana ne ke ba da wuta. Haske ne ke ba da ita, zafi kuwa rage ta yake yi. Faranti yakan rasa kusan kashi 4 cikin 100 a kan kowane digiri 10 da ya hau bisa digiri 25, a bazara kuwa jikinsa yakan wuce digiri 60. Don haka a bar rata tsakaninsa da kwano domin iska ta ratsa. Batirin dalma ya fi shan wahala. Masana sun ce kowane ƙarin digiri 10 yana raba kwanakinsa biyu. A ajiye shi a inuwa, inda iska ke shiga, a kan katako, nesa da murhu da ɗakin kwana.

Na biyu, ƙura. Da hunturu faranti yakan yi fari fat cikin mako guda, wuta ta ragu. A wanke shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin ya yi zafi. Wannan aiki na babba ne, kada a hau da ƙaramin yaro kan kwano.

Na uku, damina. A watan Agusta akan yi kwana biyu ko uku hadari bai buɗe ba, musamman a Filato da kudancin Kaduna. A irin kwanakin nan a rage kallo, a bar fitila da fanka ɗaya.

Na huɗu, mazauni. Faranti ya fuskanci kudu, ya ɗan karkata digiri 10 zuwa 15 domin ruwan sama ya wanke shi. Inuwar reshe ɗaya a kan kusurwarsa tana iya rage wutar dukan farantin. A duba katakon rufi ko zai ɗauki nauyi, a ɗaure da kyau saboda iskar farkon damina da kuma ɓarayi. Mai zaman haya ya sami yardar mai gida tukuna, gara ma a rubuce, ya kuma zaɓi kayan da zai iya kwancewa ya tafi da su.

Ranar saye

Araha ba ta ado. Kasuwa cike take da farantin da aka rubuta wa wat 300 alhali bai kai ba, da tsohon batir da aka wanke aka yi wa sabon fenti. Batirin dalma na gaske mai lamba 200 yana da nauyi, wajen kilo 55 zuwa 65, mutum ɗaya ba ya ɗaga shi da sauƙi. In ya yi sakayau, a bar shi. A nemi farashi daga wuri uku. A tambayi mai haɗawa ya nuna gidan da ya yi wa aiki shekara biyu da suka wuce, a je a ji daga bakin masu gidan. A karɓi risit da takardar garanti mai sunan kaya da lambarsu. A tabbata an sa waya mai kauri ta jan ƙarfe, da fis tsakanin batir da inbata, da waya zuwa ƙasa saboda tsawa. Siririyar waya takan yi zafi, gobara da yawa daga nan suke tashi. Kada a biya ladan aiki duka sai an ga kayan sun kwana suna aiki.

Maganar bashi

Akwai kamfanoni, irin su Sun King da d.light, masu ba da ƙaramar sola a biya kaɗan kaɗan ta waya. Wannan ya taimaki gidaje da yawa waɗanda ba za su iya tara kuɗin gaba ɗaya ba. Amma a san abu biyu. In aka haɗa dukan biyan, ya fi farashin kuɗi hannu. In kuma aka yi fashin biya, na'urar takan kulle kanta sai an biya. Kafin a sa hannu a tambaya: jimla nawa, wata nawa, in ta lalace wa zai gyara? Manomi ya tuna kuɗinsa da kaka yake zuwa, biyan kuwa ba ya sanin watan Yuli.

Rance mai ruwa domin babbar sola, ba mu ba da shawararsa ba, sai ga gida na fari da na huɗu, inda kuɗin fetur da aka daina saye ko ribar sana'a za su biya bashin. Littafin Misalai ya gargaɗe mu sau da yawa a kan cin bashi da tsaya wa wani. Kada a taɓa kuɗin makaranta, ko na taki da iri, ko ɗan abin da aka ajiye domin ciwo. Kada kuma a sayar da shanun huɗa. Gidan da ke da haske amma rumbunsa wofi ne bai ci riba ba. Sola tana da wani kirki, ana iya gina ta sannu sannu. A soma da fitila da caji bana, a ƙara faranti baɗi. Sai dai a lura, ba a haɗa sabon batirin dalma da tsoho, gama tsohon zai ja sabon ƙasa.

Abin da kuɗi ba ya aunawa

Hayaƙin janareta yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Sau da yawa an ji labarin iyali guda sun kwanta, inji yana aiki a baranda ko cikin ɗaki saboda tsoron ɓarawo ko ruwan sama, gari ya waye ba wanda ya tashi. Ga kuma fetur a jarka inda yara ke wasa, da kyandir kusa da gidan sauro, da ƙarar da ke hana maƙwabci barci. Duk wanda ke lissafi ya sa waɗannan a ma'auni. Wanda zai ci gaba da janareta, ya ajiye shi waje, nesa da taga.

Sola ma tana da nata hatsari. Ruwan batir yana ƙona fata da ido. Dalmar da ke cikinsa guba ce, ta fi kuwa cutar ƙananan yara. A 2010 yara wajen 400 suka mutu a Zamfara sabili da gubar dalma. A can daga dutsen zinariya ta fito, wanda ake niƙawa a cikin gidaje, amma dalma ɗaya ce. Kada a fasa mataccen batir a gida, kada a bar shi a tsakar gida, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya. A mayar wa mai sayarwa, yawancinsu sukan karɓa su rage kuɗin sabo.

Mu binciki zuciya

Akwai tambayar da fensir ba ya amsawa: don me muke so? Faranti a kan kwano yake zama, inda kowa ke gani. Wani bukata ce ta kai shi, wani kuwa don gidan wane ya sa ne. In kishi ne ya ja mu, za mu sayi abin da ya fi ƙarfinmu, mu kuma ɓoye wa juna gaskiyar farashinsa. Maigida, kada ka yanke wannan shawara kai kaɗai. Uwargida ce ta san wahalar girki cikin duhu, ita ce kuma za ta san inda cefane ya ragu. Uwargida, ke ma kada ki matsa wa maigida da zancen gidan wance. Ku yi addu'a tare, ku yi lissafi tare, ku yarda a kan abin da za a jona da abin da ba za a jona ba. Ku kuma yi shawara a kan talabijin, don kada hasken da aka saya domin karatu da addu'a ya zama shi ne ya kore su.

In Allah ya ba mu, mu tuna da maƙwabci, ko Kirista ne ko Musulmi. Cajin wayar gwauruwa ba zai rage mana kome ba. Yaran unguwa biyu ko uku za su iya karatun jarrabawa a ƙarƙashin ƙwan zaurenmu. Dattawan ikilisiya kuma su yi wannan lissafi a kan janaretan majami'a da gidan fasto. Ƙungiyar zumunta tana iya haɗa kuɗi ta sayi ƙananan fitilun sola da yawa a farashin sari, kowace mace ta biya nata a hankali ba ruwa. Abin da muke da shi amana ce a hannunmu, za mu kuwa ba da lissafinsa.

Aikin wannan wata ke nan. Ku rubuta kayan wutar gidanku da sa'o'insu. Ku rubuta kowace naira da kuka kashe a kan fetur da batir da caji da bil har kwana talatin. Sa'an nan ku nemi farashi, ku ga cikin gidajen nan huɗu wanne ne naku. A wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu yi magana a kan itacen girki da gawayi da gas. Allah ya ba mu hikima, ya sa albarka a gidajenmu. Amin.